Fashin Baƙi: Mene Ne Haɗin Ciwon Daji Da Daskarewar Jini?

Me ya sa mai ciwon daji da aka ga ya fara samun sauƙi, yana cin abinci, yana hira da 'yan dubiya, sai a wayi gari numfashinsa ya ɗauke cikin 'yan mintuna? Tambaya ce da ake yawan ji a zaman makoki a Agege da Idi-Araba da Mile 12, kuma amsar da ta fi yawo a bakin jama'a ita ce: "Ai daji ba ya son ƙarfe, da ba a yi masa aikin ba da yanzu yana nan." Wasu su ɗora wa kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji, wasu su ce jifa ne.

Rai na Allah ne, kuma kowa da wa'adinsa. Amma kowace mutuwa tana da sanadi, kuma a irin wannan tafiya ta farat ɗaya sau da yawa sanadin gudan jini ne da ya daskare a ƙafa, ya ɓalle, ya je ya toshe huhu. Likitoci sun daɗe suna lissafa shi a cikin manyan abubuwan da ke kashe masu ciwon daji, har sukan sa shi na biyu bayan cutar kanta. Abin da ya fi ci min rai shi ne, a cikin duk wahalhalun da daji ke jawowa, wannan na cikin waɗanda ake iya gani da ido tun da wuri, kuma yana da magani.

Gudan jini mai amfani da mai kisa

Daskarewar jini a asalinta rahama ce. Idan wuƙa ta yanke ka, wasu ƙananan ƙwayoyi a cikin jinin suna rugawa bakin raunin su manne da juna, sannan wasu sinadarai su saƙa musu zare kamar raga, jinin ya tsaya. Ba don haka ba, da ko kaciya da aski sai su zama ajali.

Matsalar tana farawa ne idan wannan aiki ya tashi a cikin jijiyar da ba ta ji rauni daga waje ba. Ya fi faruwa a manyan jijiyoyin da ke can cikin tsokar ƙafa, a sha-raɓa ko cinya ko ƙugu, waɗanda ke mayar da jini zuwa zuciya. Jinin sai ya rasa hanyar komawa, ƙafar ta kumbura. Idan wani yanki na gudan ya gutsure, zai bi jini ya ratsa ta ɓangaren dama na zuciya, ya je ya maƙale a jijiyoyin huhu. Ƙarami yana kawo haki da ciwon ƙirji. Babba yana iya kashewa kafin a sami motar zuwa asibiti.

Mahauta a Oko-Oba sun fi kowa sanin kamannin abin: jinin yanka idan ya zauna a kwano, ba ya daɗewa yake komawa guda kamar hanta. Jinin da ke gudu ba ya yin haka da sauƙi. Masanin nan na Jamus Rudolf Virchow, wanda ya yi nazarin toshewar huhu a tsakiyar ƙarni na 19, da sunansa ake kiran dalilai uku da ke haddasa gudan jini: jini ya rage gudu, bangon jijiya ya samu lahani, ko kuma jinin kansa ya zama mai saurin daskarewa. Ranar haihuwarsa, 13 ga Oktoba, ita aka ware a duniya don faɗakarwa kan wannan matsala.

Inda daji ya shigo

Ciwon daji yana haɗa dalilan nan uku a jikin mutum guda.

Na farko, ƙwayoyin cutar da kansu suna sakin sinadarin da ke kunna daskarewa, irin wanda lafiyayyen jiki ke ajiyewa sai an ji rauni. Wasu nau'o'in, musamman na tumbi da na pankiriyas (gaɓar nan da ke bayan tumbi mai samar da insulin), suna zubo wani abu mai yauƙi cikin jini wanda ke sa ƙwayoyin toshe rauni su riƙa mannewa ba gaira ba dalili. Bincike ya nuna dajin ma yana cin moriyar hakan, domin ƙwayoyinsa da ke yawo a jini suna lulluɓe kansu da waɗannan ƙwayoyi, su ɓuya wa garkuwar jiki har su sami wurin yada zango.

Na biyu, ƙari idan ya girma a ciki ko a mara yana danne babbar jijiya kamar yadda tirela ke tare hanyar Apapa, duk abin da ke baya ya tsaya cik. Ga kuma kwanciya. Majinyaci ya yi sati biyu, uku a kan katifa, ba ya tashi sai kewaya. Tsokar sha-raɓa ita ce ke matsa jini ya hau sama duk lokacin da mutum ya taka, idan ta daina aiki jini ya kwanta. A haɗa da amai da gudawa da rashin shan ruwa a zafin Legas, jini ya ƙara kauri.

Na uku shi ne maganin kansa, kuma a nan ne maganar mutanenmu take da ƙamshin gaskiya. Babban aikin tiyata a ciki ko mara yana ƙara haɗarin. Wasu magungunan kemo, irin su cisplatin, suna ƙuje bangon jijiya. Tamoxifen, ƙwayar da mata da yawa masu ciwon dajin mama ke sha har shekara 5 ko fiye, tana ƙara shi. Haka thalidomide da danginsa da ake ba masu ciwon dajin ɓargo. Doguwar robar da ake zurawa a babbar jijiyar wuya ko ƙirji don ba da kemo ita ma tana iya tara guda, shi ya sa a wasu hannu ne ko wuya ke kumbura.

Idan aka tattara, mai ciwon daji ya fi wanda ba shi da shi haɗarin samun gudan jini a jijiya da ninki 4 zuwa 7. A cikin duk mutum biyar da aka samu da wannan matsala, kusan ɗaya mai ciwon daji ne. Haɗarin ya fi tsanani a watannin farko bayan gano cutar, da kuma lokacin da ta bazu. Dajin pankiriyas, tumbi, ƙwaƙwalwa, huhu da ƙwan mace su ne kan gaba. Na mama da na mafitsarar maza (wato gaɓar prostate da ke ƙarƙashin mafitsara) haɗarinsu bai kai haka ba, sai dai su ne suka fi yawa a ƙasar nan. Ƙiyasin hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna ana samun sabbin masu cutar sama da 120,000 a Najeriya duk shekara, kuma akasari ba sa isa asibiti sai abin ya yi nisa, wato daidai matakin da jini ya fi daskarewa.

Wannan sani ba na jiya ba ne. A 1865 wani likitan Faransa, Armand Trousseau, ya bayyana cewa kumburin jijiya mai zafi da ke tashi nan ya koma can yana iya zama alamar daji a ɓoye a cikin ciki. A farkon 1867 ya ga irin wannan kumburi a hannunsa na hagu, ya gane abin da ke jikinsa, kuma a shekarar ciwon dajin tumbi ya yi ajalinsa. Har yau da sunansa ake kiran alamar.

To ashe gaskiya ne daji ba ya son ƙarfe?

A'a. Abin da ke gaskiya shi ne aiki da kemo suna ƙara haɗarin gudan jini na wani lokaci, kuma likitoci sun san da haka, suna da matakan kariya: allurar tsinka jini kafin aiki da bayansa, safa ta musamman mai matse ƙafa, da tayar da majinyaci ya fara takawa tun washegari. Bayan babban aikin daji a ciki ko mara, ƙa'idar da aka fi bi ita ce a ci gaba da allurar har sati 4, ko da an sallami mutum gida. Wanda ya gudu daga aiki saboda tsoron ƙarfe bai tsira daga gudan jini ba, domin dajin da aka bari yana girma shi ne babban mai daskarar da jinin. Ya gudu daga haɗarin da ake iya tarewa, ya faɗa wanda ba shi da birki.

Akwai abin da mu ma 'yan jinya muke yi da kyakkyawar niyya yana cutarwa. Nas ta ce majinyaci ya tashi ya taka, mu ce ba ta da tausayi, mutum da ɗinki a ciki. Mu lulluɓe shi, mu kawo masa komai har bakin gado, ko buta ba ma bari ya ɗauka. Wannan tattakin daga gado zuwa ƙofa, da ƙyar da nishi, magani ne.

Ƙafar da na gani da idona

Wata dattijuwa maƙwabciyarmu a Agege tana karɓar kemo, sai na shiga gaishe ta wata la'asar. Na tarar tana zaune a tabarma ta miƙe ƙafar hagu, 'yarta tana murza mata sha-raɓa da man zafi da iya ƙarfinta.

"Inna, ya jikin? Ƙafar kuma me ya same ta?"

"Da sauƙi, ɗan nan. Sanyi ne ya sauko min, yau kwana uku. Gobe in Allah ya kai mu wanzami zai zo ya yi min ƙaho, a cire mataccen jinin."

Na roƙi 'yar ta dakata. Ƙafar ta yi suntum tun daga idon sawu har gwiwa, fatar tana ƙyalli, kuma da na ɗora bayan hannuna na ji ta fi ta dama ɗumi. Silifas ɗin hagu ma ya ƙi shiga. Muka aro tef wurin telan da ke bakin layi muka auna ƙaurin biyu a wuri ɗaya, ta hagu ta fi da kusan inci biyu. Da ƙyar Inna ta yarda aka nemo mota, tana ta cewa ranar ganin likitanta sai mako mai zuwa, kada a je a ba mutane wahala. A daren aka yi mata hoton jijiya, aka ga guda tun daga bayan gwiwa har cinya, aka fara mata allura a fatar ciki. Har yanzu in na tuna hannun yarinyar nan yana murza wannan ƙafa, gabana faɗuwa yake.

Inna ba ta yi kuskure ba da ta ce akwai mataccen jini. Inda aka saɓa shi ne wurin da yake. Ƙaho yana tsotso jinin da ke ƙarƙashin fata ne, shi kuwa gudan yana can cikin tsoka inda ƙaho ba ya kaiwa. Tausa tana iya taimaka masa ya ɓalle. Tsaga kuma a jikin mai kemo, wanda garkuwarsa ta yi ƙasa, ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta, kuma idan an riga an fara maganin tsinka jini, jinin tsagar ba zai tsaya da wuri ba.

Alamomin ba su da wuyar riƙewa. Ƙafa ɗaya, ko hannu ɗaya, ta kumbura, ta yi zafi ko nauyi, ta yi ɗumi, wani lokaci launinta ya sauya. A fatar baƙin mutum ba lalle a ga ja ba, sai dai ta ƙara duhu ko ta yi ƙyalli. Kumburin ƙafa biyu daidai wa daida ya fi alaƙa da zuciya ko ƙoda ko hanta ko ƙarancin abinci mai gina jiki, shi ma a nuna wa likita, amma na ƙafa ɗaya shi ne ba a kwana da shi. Idan kuwa haki ya zo farat ɗaya, ko ƙirji ya riƙa suka in an ja numfashi, ko zuciya ta riƙa bugawa da sauri, ko tari da jini, ko jiri har da faɗuwa, to ba a jiran ranar kilinik. Sashen gaggawa za a nufa, ko asibitin koyarwa na LUTH a Idi-Araba, ko na LASUTH a Ikeja, ko babban asibitin da ya fi kusa, kuma tun a bakin ƙofa a faɗa cewa mai ciwon daji ne, a nuna katinsa da magungunansa.

Maganin, da abin da ake jayayya a kai

Magungunan da muke kira na tsinka jini ba sa narkar da gudan kai tsaye. Suna hana shi girma ne, su hana sabo fitowa, jiki kuma ya riƙa cinye tsohon a hankali. Shi ya sa ake daɗewa ana sha: wata 3 zuwa 6 aƙalla, kuma sau da yawa a ci gaba muddin dajin yana nan ko ana kan kemo. Mutane da yawa suna dainawa da zarar ƙafa ta saɓe, musamman in kuɗi ya yi wuya, nan ne kuma gudan ke dawowa.

Iri uku aka fi sani. Akwai warfarin, tsohuwar ƙwaya mai araha, amma mai wuyar sha'ani: sai ana gwajin jini a kai a kai don daidaita ta, kuma ganye irin zogale da alayyafo da ugu suna rage mata ƙarfi idan aka ci da yawa yau aka bari gobe. Ba a ce a daina miyar ganye ba, a dai riƙa ci daidai gwargwado kullum. Akwai allurar heparin ta fatar ciki, irin su enoxaparin da aka fi sani da Clexane. Wani babban bincike da aka wallafa a 2003 ya nuna cewa a masu ciwon daji irin wannan allura ta rage dawowar gudan da kusan rabi idan aka gwada da ƙwayoyi irin warfarin. Sai sabbin ƙwayoyi, apixaban da rivaroxaban, waɗanda ba sa buƙatar yawan gwaji, amma likitoci suna taka-tsantsan da su ga mai daji a tumbi ko hanji ko mafitsara saboda zubar jini. A Legas zaɓin ba na likita kaɗai ba ne, aljihu ma yana da ta cewa, domin iyalin da suka sayar da shago ko babur don biyan kemo, allurar kullum ta wata shida ba ƙaramin nauyi ba ce. Gara a faɗa wa likita gaskiyar abin da za a iya saye, ya tsara wanda zai ɗore, da a karɓi takarda a yi sati biyu a bari.

Akwai wata magana da ya kamata Musulmi ya ji daga bakin likita tun kafin ya ji ta a WhatsApp: yawancin heparin da ke kasuwa daga hanjin alade ake tace shi. Malamai suna da ƙa'idar cewa larura tana halatta abin da aka hana, kuma akwai magungunan da ba daga dabba aka samo su ba, irin sabbin ƙwayoyin nan da allurar fondaparinux. Wanda abin ya dame shi ya tambayi likita ko akwai madadi da ya dace da shi, ya tambayi malaminsa. Abin da bai kamata ba shi ne a ajiye allura a ɓoye ba tare da an faɗa wa kowa ba.

Tambayar da aka fi yi ita ce, tunda haɗarin ya kai haka, me ya hana a ba kowane mai ciwon daji maganin tun kafin gudan ya fito? Dalilin shi ne mai ciwon daji yana tsakanin rami biyu. Jininsa yana saurin daskarewa, kuma yana saurin zuba, domin ƙari yana tsiyaya, kemo kuma yana rage ƙwayoyin toshe rauni. Saboda haka ake tantancewa. Tun 2008 likitoci ke amfani da wani ma'auni da Dokta Alok Khorana da abokan aikinsa suka fitar a Amurka, wanda ke duba nau'in dajin, ƙibar mutum da sakamakon gwajin jini kafin kemo. Wanda makinsa ya hau ana iya ba shi kariya, wanda bai hau ba a sa masa ido. A ganina, ko ba a ba mutum magani ba, haƙƙinsa ne a zaunar da shi da mai jinyarsa a gaya musu alamomin da yaren da suke ji. Da yawa daga cikin iyayenmu a nan ba sa jin Turanci ko Yarabanci sosai, suna gyaɗa kai ne kawai su fito.

Wanda ke kan waɗannan magunguna ya yi nesa da sayen maganin ciwon jiki a kemis da kansa. Ibuprofen, diclofenac, asfirin, da garin Alabukun da ake sha kamar ruwa a garin nan (asfirin ne a cikinsa), duk suna ƙara haɗarin zubar jini. Haka jiƙe-jiƙe da agbo da ba a san abin da ke ciki ba. Baƙin bayan gida kamar kwalta, jini a fitsari, haɓon da ya ƙi tsayawa, ko matsanancin ciwon kai, duk na komawa asibiti ne nan take.

Wanda ya samu gudan jini, daji gare shi ke nan?

Mafi yawa ba su da shi. Ciki da jego, karaya, tiyata, ƙwayoyin tsarin iyali masu sinadarin estrojin, ƙiba, sikila da doguwar tafiya duk suna kawo shi. Amma idan ya zo wa mutum babu wani dalili da ake gani, musamman wanda ya manyanta, kimanin 1 cikin 20 akan gano yana da daji a cikin shekara guda. An yi ta muhawara ko a riƙa yi wa irin waɗannan hoton ciki gaba ɗaya, sai wani bincike a Kanada a 2015 ya nuna ƙarin hoton bai gano abin a zo a gani ba fiye da tambayoyi masu kyau, duba jiki, gwajin jini, hoton ƙirji, da gwajin mama, bakin mahaifa ko prostate gwargwadon shekaru. Wanda ke ramewa ba dalili, ko yana ganin jini a bayan gida, ya faɗa ko ba a tambaye shi ba.

Hanyar gida

Akwai abin da ya keɓanta da mu mazauna kudu. Idan jinya ta yi tsawo, ko aka gama zagayen kemo, zuciya takan koma gida: a kai shi Kano, a kai ta Sakkwato, kusa da dangi. Daga Legas zuwa Kano kusan kilomita 1,000 ne, kuma a babbar mota akan kwana a hanya, gwiwa a lanƙwashe, kaya a ƙarƙashin ƙafa, majinyaci yana ƙin shan ruwa don kada fitsari ya matsa masa. Binciken Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna zaman tafiya na sama da awa 4 yana ninka haɗarin gudan jini ko ga mai lafiya, balle wanda aka yi wa aiki sati biyu da suka wuce.

Ban ce kada a je gida ba. A gaya wa likita ranar tafiyar tun da wuri, domin yana iya ba da allura ko safa, ko ya ce a ɗan jinkirta. A nema wa majinyaci kujerar da zai iya miƙe ƙafa, ya riƙa motsa idon sawu sama da ƙasa kamar mai taka keken ɗinki, ya sha ruwa, kuma duk inda aka tsaya salla ko cin abinci a kama shi ya sauko ya taka, ko da zagaye motar ne sau ɗaya. A tafi da maganin da zai isa, da takardar da ke ɗauke da sunansa da adadinsa, don likitan da za a gani a can. Haka maganar azumi: mai kemo ko mai shan maganin tsinka jini sau biyu a rana ya tambayi likitansa kafin watan ya kama, tunda addini ya riga ya yi wa mara lafiya rangwame. Idan kuma a ranar tafiyar aka ga ƙafa ɗaya ta fi ɗaya, a bar kuɗin tikitin ya tafi, a juya zuwa asibiti.